Tsohon Bakin Ruwa da Sunansa na Boko

Ina tsakar gida ina tsintar busasshiyar citta a faifai, sai wani kuka ya fito daga ɗakin autata, hannuna ya tsaya cak. Kukan tsuntsu ne mai zaƙi, yana hawa yana sauka, ya ɗan dakata, ya ari muryar wani tsuntsun, ya sake komawa tasa. A cikin garin Kafanchan ba a jin wannan kuka. Abin da muke ji a unguwarmu shi ne babura da injin markaɗe, sai zakaran maƙwabta wanda bai san lokaci ba. Na ajiye faifan na faɗa ɗakin ko sallama babu. Na same ta kwance da waya a ƙirji, kukan daga wayar yake fitowa, littattafai barbaje a kan katifa. Hutu ta zo daga jami'a, inda take karatun dabbobi da tsuntsaye, karatun da har yau dangin ubanta suke tambayata wane irin aiki ake samu da shi.

Na ce ta sake kunna min, ta sake. Sai na ji bakina ya kira sunan tsuntsun da yarenmu, sunan da na daɗe ban ji a bakin kowa ba, har da nawa.

"Mama, ka san shi ne?" ta ce, da irin Hausar yaranmu da ba ta raba mace da namiji. "Sunan shi Thamnolaea coronata. A kan shi nake rubutu."

Na gwada faɗa, harshena ya harɗe tun a gaɓar farko, ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Na ce to ita ma ta faɗi nawa mu ji. Ta gwada, ya fito kamar mai kiran akuya. Muka yi kunnen doki.

Da dariya ta lafa na ce ta fassara min, don ni tsohuwar malamar firamare ce, ba na yarda da kalmar da ba a buɗe min cikinta ba. Ta ce a wurin masana kowane mai rai sunansa biyu: na farko na gida ne, wanda yake rabawa da danginsa, na biyu kuma nasa na kansa. Na farkon an ƙera shi ne daga kalmomi biyu na tsohon Helenanci. Ɗaya tana nufin ƙaramin itace mai duhuwa, ɗayar kuma sunan wani tsuntsun duwatsu ne da mutanen can suka sani tun zamanin da. In an haɗa su, ya zama tsuntsun dutse mai zama a itace. Na biyun Latin ne, ma'anarsa wanda aka ɗora wa kambi, saboda farin da ke kan namijin. Ta ce wasu Turawan Jamus ne suka raɗa sunan tun da daɗewa, kuma galibi busasshiyar gawar tsuntsu ake kai musu a akwati, ba lalle ne sun taɓa jin kukansa ba. Ta ƙara da cewa har yanzu masanan ba su gama gardama ba, wasu sun ce shi da wani ɗan'uwansa na gabashin Afirka abu ɗaya ne, shi kuma wancan sunansa mai ciki launin kirfa.

Namu sunan, in an juya shi da Hausa, shi ne tsohon bakin ruwa. Su sun duba kansa sun ga kambi, mu mun duba mun ga furfura, kowa da abin da ya saba gani a kan manyansa. Wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne itacen nan da suka sa a farkon sunan. Mutumin da bai taɓa taka dutsenmu ba, wa ya gaya masa cewa ba a neman wannan tsuntsu a kan falalen dutse? Ni kakata ce ta koya min haka, kuma ba a aji ba. Ku ba ni aron kunnuwanku in gaya muku yadda aka yi.

A ƙauye na girma, a gindin duwatsun da ake hangowa daga Kafanchan idan gari ya washe. Mutanenmu ba a ƙasa suka fara zama ba, a can sama suke tun kaka da kakanni, har lokacin da aka sa su suka sauko kusa da hanya. Kakata, uwar babana, a saman aka haife ta, a can aka yi mata aure, a can ta yi haihuwar fari. Babana kuwa ɗan ƙasa ne, bayan saukowa aka haife shi. Ya yi makarantar mishan, ya samu aikin jirgin ƙasa a Kafanchan, yana zuwa gida ƙarshen mako a kan kekensa. Dattijon ikilisiya ne, mutum mai tsare gida, wanda in ya yi gyaran murya a ƙofa kaji ma sukan nutsu. Bai cika duka ba, kallonsa ya isa.

Kaka kuwa 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai baki, ƙamshin hayaki da daddawa ba ya barin zanenta. A ɗakinta nake kwana, ita ke kirana ƙawata, ni ke ƙunsa mata taba, ita ke ɓoye min ƙanzon tuwon acca. Ba ta fashin sujada a coci. Tana zama a sahun gaba na zumuntar mata tana rera waƙa da iyakar ƙarfinta, ko da yake ita da sauran matan ba su taɓa gama baiti tare ba. Amma duk shekara, idan an ƙone ciyawa, sai ta ɗauki sanda da 'yar fartanya ta hau dutse ita kaɗai, ta dawo da yamma ba ta ce wa kowa komai ba. Muna yara mun ɗauka itace take nema. Sai da yanar ido ta fara rufe mata gani, hawan ya gagare ta shekara da shekaru, na san dalili.

Ga al'adarmu ta da. Idan yaro ya rasu kafin a yaye shi, sunansa yakan bi shi kabari. Ba a faɗarsa a gida, ba a faɗarsa a gona, ko uwarsa ba ta furta shi sai a bakin kabarin. Amma sunan bai mutu ba, ajiye shi aka yi. Idan aka yi haihuwa a gidan, wanda ya ji sunan a bakin kabari yana iya saukowa da shi a ba jaririn. In kuwa duk waɗanda suka san wurin suka ƙare ba a sauko da shi ba, shi ke nan, yaron ya zama kamar ba a taɓa haifarsa ba. 'Yar farin Kaka mace ce, ƙyanda ta ɗauke ta tana goye. Kakana ya riga ya rasu, tsararrakinsu sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, a gidanmu kuma maza aka yi ta haifa. Ni da na zo mace, an haife ni ne a asibitin gari, aka yi min suna can kafin labari ya iso ƙauye. Saboda haka babu mai sunan nan a duniya sai tsohuwa guda wadda ba ta bambanta tunkiya da kare in sun yi nisa.

A shekarar da nake aji huɗu mamata ta samu ciki, Kaka kuwa ta dage cewa mace ce, wai ta gane daga yadda Mama ke tafiya. Wata Asabar da yamma ta tari babana da maganar yana wanke kekensa. Ta roƙe shi ya kai ta sama sau ɗaya tak, ta nuna masa wurin, ta faɗa masa sunan. Ya ƙi. Ya ce a saman nan ne ake da gidan dodo da wuraren tsafi, in aka ga dattijon ikilisiya ya hau da uwarsa me zai ce wa jama'a ranar Lahadi? Ya ce kuma ƙafafunta ba za su kai ba, jaririn da za a haifa kuwa sunan baftisma ya ishe shi. Ba da tsawa ya faɗa ba, a hankali ya faɗa yana goge sarƙar keke. Ba na ganin laifinsa yanzu. Shi an raine shi ne a kan cewa duk abin da aka bari a sama duhu ne, kuma da gaske yake tsoron Allah. Kaka ta juya tana lalube da sanda ta shige ɗaki. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Bazara ce, zafi kamar a gasa masara a ƙasa. Mangwaro ya nuna, ɗorawa ta bushe a sama, maza suna ta gyaran gonakin citta suna duban gabas. Wata Talata da sassafe, babana yana Kafanchan, Kaka ta taɓa ni da sanda ta ce yau ba ni da lafiya, ba zan je makaranta ba. Na ce lafiyata ƙalau. Ta ce ita ta ce ba ni da lafiya, ko na fi ta sani ne? Da muka fito, Mama tana durƙushe a bakin murhu da ƙaton cikinta. Ba ta ɗago kai ba, ba ta tambaye mu ina za mu ba. Gorar kunu kawai muka tarar an jingine a bakin ƙofa da ƙullin gyaɗa a kai. Har Mama ta koma ga Ubangiji ba mu taɓa yin zancen gorar nan da ita ba, amma ban manta ba.

Hawan farko bai yi wuya ba, don hanyar masu itace ce. Ina gaba riƙe da bakin sanda, tana baya riƙe da gindi, ina faɗa mata inda za ta sa ƙafa. Tana ta ba ni labari tana haki: nan suke shanya acca, can wata mata ta taɓa faɗuwa da tulu, wancan lungun birai ke tare yara su ƙwace musu rogo. Da muka wuce inda masu itace ke tsayawa sai hanya ta ɓace. Ta ce in nemi babbar ɗorawa mai reshe biyu, na duba ban ga komai ba sai kututture. Ta ce in nemi shingen ƙerana na tsohon gidansu. Ƙerana kuwa ta bazu ko'ina, ba a gane ta wane gida ce. Muka yi gabas, muka dawo, muka yi arewa, remaye suna tsere mana cikin ramuka. Duwatsun duk iri ɗaya suke a idona, ita kuma da ta san bambancinsu ba ta ganinsu. Rana ta take, kunu ya ƙare, ƙafarta ɗaya ta fashe tana jini.

Ta zauna a inuwar wani dutse. Na ga hawaye yana bin tsagar fuskarta, abin da ban taɓa gani ba, ko ranar da aka binne ƙanwarta. Tsoro ya kama ni, na fara kuka ina cewa mu koma gida. Sai ta share fuska da gefen zane ta jawo ni jikinta.

"Ƙawata, rufe bakin nan," ta ce da yarenmu. "Tun safe muke surutu kamar 'yan kasuwa. Mu zauna har dutse ya manta da mu."

Muka zauna. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san ƙafata ta yi sanyi, tururuwa ta hau min ƙwauri ban iya kaɗe ta ba. A hankali wurin ya fara motsi. Ƙadangare ya fito, kurciya ta yi kuka a nesa. Can sai ga wannan murya mai zaƙi daga samanmu, Kaka ta damƙe min hannu har na ji zafi. Cikin raɗa ta ce in duba in gaya mata abin da na gani. Na hango shi a ƙololuwar wani falalen dutse: bayansa baƙi, cikinsa ja kamar manja, fari a kafaɗa, yana ɗaga wutsiya a hankali yana saukewa. Ta tambaya ko akwai furfura a kansa. Na ce fari fat. Ta ce shi ne, tsohon bakin ruwa.

Na zabura zan ja ta mu nufi dutsen da yake kai, ta fizgo ni na koma zaune. Ta ce wannan shi ne wautar 'yan ƙasa. Inda yake waƙa daban, inda yake zama daban. Yakan hau falalen dutse ne don a ji shi, amma gidansa yana inda ɓaure ya tsaga dutse ya fito, kuma ɓaure ba ya tsaga dutse sai da ruwa a ƙarƙashi. Da haka iyayenta suke gane ruwa da rani. Ta ce in zuba masa ido kada in ƙifta, in ga inda zai sauka in ya gaji da nuna kansa. Ya yi waƙarsa son ransa, ya kwaikwayi wannan ya kwaikwayi wancan, sai ka ce ya san muna jira. Daga nan ya buɗe fiffike ya faɗa ƙasa ta bayan wasu duwatsu biyu da suka haɗa kai. Da na leƙa da kyau na ga koren ganye kaɗan yana leƙowa ta tsakaninsu, a wurin da komai ya bushe.

Da rarrafe muka shiga. Ciki sanyi ne da ƙamshin danshi, saiwoyin ɓaure sun rungume dutse, ruwa yana tsattsafowa yana taruwa a wani ɗan kwarmi da bai fi ƙwarya ba. Macen tsuntsun tana kan reshe, ita ba ta da furfura. Kaka ta saki sandar. Daga nan ba ta ƙara bukatar idona ba, tafin hannunta ya san wurin. Ta bi bangon dutsen tana shafawa, ta durƙusa, ta tone busassun ganye, sai ga dutsen niƙa a kife. Shi ne alamar kabarin, nata ne na aure, ta kife shi a nan ranar da ta binne 'yarta.

Muka sha ruwa, na wanke mata ƙafa, muka share wurin tas. Sannan ta zauna ta yi ta hira da 'yar kamar tana gabanta. Ta gaya mata an sauka ƙasa, ubanta ya rasu, tana da ƙane mai taurin kai da ke aikin jirgi, ga kuma 'yar ƙanen ta kawo mata. Sai ta jawo kunnena ta faɗi sunan. Gajere ne, mai taushi. Ta sa na yi ta maimaitawa har sai da muryata ta hau inda ya kamata ta hau, ta sauka inda ya kamata ta sauka. Ta gargaɗe ni kada in faɗe shi a gida, ko wa ya tambaye ni. Bayan haka ta rufe ido ta yi addu'a da Hausarta ta coci, ta gode wa Uba na sama da ya ba ta aron ido, ta rufe da sunan Yesu. Ita ba ta taɓa ganin wata rigima tsakanin wannan da wancan ba.

Saukowa ta fi hawa wuya, rana ta yi ja kafin mu iso. Maganar ba ta ɓoyu ba, don ƙafar Kaka ta kumbura kuma masu itace sun gan mu. Da babana ya zo ran Asabar bai taɓa ni ba, bai kuma yi wa uwarsa faɗa ba. Ya kai ta shagon magani a kan keke aka ɗaure ƙafar, ya dawo da ita, ya yi makonni ba ya shiga ɗakinta sai gaisuwa daga bakin ƙofa. Da ruwan farko ya sauka Kaka ta kwanta, kafin acca ta fitar da kai ta tafi. Wasu sun ce hawan nan ne ya ƙarasa ta. Ni da nake kwana da ita na san ba ta taɓa barci mai daɗi irin na waɗannan makonnin ba, har minshari ta koma yi.

Tsakiyar damina Mama ta sauka, mace, kamar yadda tsohuwa ta faɗa. Gida ya cika da mata da ƙamshin kunun kanwa, ni kuwa ina yawo da suna a cikina kamar na haɗiyi dutse. Ban san yadda yarinya 'yar aji huɗu za ta tari babana da irin wannan magana ba. Ana saura kwana kaɗan a kai jaririyar coci, ya kira ni bayan rumbu. Ya daɗe yana duban ƙasa kafin ya tambaye ni ko Kaka ta faɗa min sunan. Na ce ta faɗa. Ya ce to in gaya masa. Na ce Kaka ta ce ba a faɗa a gida. Ya ɗago ya yi min kallon nan nasa, na runtse ido ina jiran abin da zai biyo baya. Da na buɗe, ya tafi.

Washegari da safe na fito wanke fuska na same shi tsaye a tsakar gida da takalmin aikinsa da adda a hannu. Bai ɓuya ba, ta tsakiyar ƙauye muka bi, yana amsa gaisuwar mutane, duk wanda ya tambaya ya ce masa dutse za mu hau. Da damina saman ya zama wata duniya, ciyawa ta fi ni tsawo, duwatsu suna santsi, ko'ina kore ne, ko'ina ruwa. Duk alamun da na riƙe sun nutse. Na kai shi nan na kai shi can, yana sara yana gumi, har na ga ya fara duban rana. Sai na tattara ƙarfin halina na ce masa mu zauna mu yi shiru. Ya dube ni, ya nemi dutse ya zauna, ya ɗora addar a cinya. Mun daɗe ƙwarai, don da damina tsohon bakin ruwa ba ya rasa wurin sha, amma gidansa bai canja ba. Da ya fito ya yi waƙarsa, babana ya yunƙura zai tashi, na riƙe masa hannun riga. Ya koma ya zauna har muka ga inda tsuntsun ya sauka.

Da ƙyar babana ya shige tsakanin duwatsun, don mutum ne mai faɗin kafaɗa. Na nuna masa dutsen niƙan. Ya ajiye adda ya cire ciyawar da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya sunkuyo da kansa daidai bakina, na faɗa masa sunan. Ya maimaita, bai faɗa daidai ba, harshensa ya saba da Hausa da Turancin reluwe. Na gyara masa. Shi ne karo na farko da na gyara wa babana magana, ya kuwa karɓa kamar ɗan aji ɗaya, har ya samu. Sannan ya dafa dutsen da tafinsa, ya yi magana da yarenmu, wanda ban cika jin yana yi ba.

"Yaya, ni ne ƙanenki. Ba ki san ni ba. Na zo in tafi da sunanki gida."

Na juya baya na yi kamar ina kallon ruwa, don bai kamata yarinya ta ga fuskar ubanta a irin wannan hali ba.

Ranar Lahadi fasto ya ɗaga jaririya a gaban jama'a ya kira sunaye biyu, na baftisma da na dutse. Wasu tsofaffin mata a sahun gaba suka dubi juna, ɗaya ta saki guɗa a cikin coci, ba wanda ya hana ta. Na baftisman a takardun makaranta ya tsaya. Ɗayan shi ya bi ta, sunan da aka yi shekaru ana tsoron furtawa ya koma ana ƙwala shi a tsakar gida safe da yamma, har da zagi in ta fasa kwano.

Yau al'adar nan ta wuce, kuma ba na cewa a dawo da ita, don na ga yadda take cin uwa a tsaye. Yara ma ba sa mutuwa kamar da, mun gode wa Allah da allurar rigakafi. Ƙauyenmu ya zama gari, an yi kwanon rufi ko'ina, ta gefe guda masu fasa dutse sun fara cin gindin tudun. Jikokinmu suna jin yarenmu sama-sama, su amsa da Hausa ko Turancin titi. Na daɗe ina jin haushin wannan, ina ganin duk abin da tsofaffi suka sani zai bi mu kabari. Shi ya sa bayanin autata ya sanyaya min rai. Wani baƙo a wata ƙasa mai nisa, da busasshen tsuntsu a gabansa, ya yi ƙoƙari ya sa gaskiya a cikin suna, ya ajiye itacen a inda duk mai karatu zai same shi. Bai san ruwan ba, bai san kabarin ba, amma abin da ya rubuta bai saɓa wa kakata ba. Na gode masa, ko wane ne shi. Na gode wa tsohuwar da ta ce ba ni da lafiya, da matar da ta jingine gora, da mutumin da ya yarda 'yarsa ta riƙe masa hannun riga. Autata ta ce in an ƙone ciyawa za ta hau da na'urar ɗaukar murya, na ce gwiwoyina sun ƙi, amma zan kai ta inda masu itace ke tsayawa, in koya mata zama.

Ƙanwar tawa tana nan da ranta, ta zama uwar mata mai jikoki, tana da rumfar hatsi a kasuwar Samaru Kataf, muryarta kuwa ana jinta daga bakin titi. Da yammacin ranar na ɗauki waya na kira ta. Tana ɗagawa na kira sunanta cikakke, na hau inda ake hawa, na sauka inda ake sauka.

"Na'am, Yaya. Lafiya? Wani abu ya faru ne?"

Na ce babu komai, sunanta kawai nake so in kira.

"Ke dai tsufa ya fara taɓa ki," ta ce. "Ina da masu sayen acca a gabana. Sake kira in ji, sai in kashe."

Na sake kira.